Hare-haren Ikhwan a Kan Iyakar Najad da Martanin Turawan Ingila, 1920 Zuwa 1932: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai da masu sha'awar tarihin ƙasashen Larabawa idan aka zo kan shekarun da Ingila take riƙe da Iraƙi da Gabashin Jodan, take kuma ba Kuwait kariya, alhali mahara daga Najad suna tsallako iyaka suna kashe makiyaya suna kore dabbobi. An fara da na share fage, sannan aka shiga masu zurfi.

Wace iyaka ce ake magana a kai, kuma me ya kai Turawan Ingila can?

Iyakar ita ce wadda ta raba Najad, wato tsakiyar ƙasar Saudiyya ta yau, da maƙwabtanta uku na arewa: Kuwait, Iraƙi da Gabashin Jodan. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya babu wani layi a wannan hamada, sai dai kowace ƙabila ta san rijiyoyinta da makiyayarta, ta kuma san sarkin da take biya wa haraji idan ƙarfinsa ya kai gare ta. Da Daular Usmaniyya ta faɗi, sai aka danƙa wa Ingila riƙon Iraƙi da Falasɗinu, ita kuma a shekarar 1921 ta ɗora 'ya'yan Sharif Husaini na Makka guda biyu a kan mulki, Faisal a Bagadaza, Abdullahi a Amman. Kuwait kuwa tun 1899 take ƙarƙashin kariyar Ingila.

A kudu akwai Abdul'aziz ibn Sa'ud, mai mulkin Najad, wanda tsakaninsa da gidan Sharif akwai tsohuwar gaba, domin mayaƙansa ne suka tarwatsa rundunar Abdullahi a Turaba a watan Mayun 1919. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne shi ma Ibn Sa'ud abokin Ingila ne, har tana ba shi fam 5,000 kowane wata, kuɗin da ba a daina biya ba sai a 1924. Ke nan Turawa sun sami kansu a tsakanin abokai biyu da ba sa ga maciji da juna.

Su wane ne Ikhwan ɗin? Su ne 'Yan'uwa Musulmi na Masar?

A'a, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Ƙungiyar Masar Hasan al-Banna ne ya kafa ta a 1928, kuma ba ta da wata alaƙa da waɗannan. Ikhwan na Najad Larabawan ƙauye ne da suka rungumi karantarwar Shaihu Muhammad ibn Abdulwahhab, suka bar yawon kiwo suka zauna a ƙauyukan da ake kira hijira. Wadda ta fi shahara ita ce Arɗawiyya ta ƙabilar Muɗair, wadda aka kafa wajen 1912, sai Gaɗgaɗ ta ƙabilar Utaiba. Manyan shugabanninsu uku ne: Faisal al-Duwaish na Muɗair, Sulɗan ibn Bijad na Utaiba, da Daidan ibn Hislain na Ajman. Da ƙarfinsu Ibn Sa'ud ya ci Ha'il a 1921, ya shiga Makka a 1924, Madina da Jidda suka miƙa wuya a ƙarshen 1925.

Ai Larabawan ƙauye sun gaji kai wa juna hari tun kaka da kakanni. Me ya bambanta na Ikhwan?

Harin gargajiya yana da ƙa'idojinsa. Raƙuma ake nema, ba rayuka ba, saboda jinin da aka zubar yana jawo ramuwa ko diyya wadda za ta bi zuri'a. Ba a taɓa mata, ba a ƙwace wa mutum abin da zai kai shi ruwa, kuma wanda aka washe bana yana da damar ramawa baɗi. Ikhwan sun zo da wani salo dabam, domin suna ɗaukar duk wanda bai bi tafarkinsu ba a matsayin wanda jininsa da dukiyarsa suka halatta. Sukan taho dubbai a ƙarƙashin tutoci, su kwana suna tafiya, su auka wa zango da asubar fari, su kashe duk namijin da suka samu.

Misalin da ya girgiza Iraƙi shi ne na watan Maris 1922, lokacin da Duwaish ya afka wa makiyaya da wata rundunar 'yan raƙuma ta gwamnati a yankin Abu Gar, aka rasa kusan mutum 700. Tsoron ya kai har Najaf da Karbala, inda mutane ba su manta da abin da mayaƙan Najad suka yi wa Karbala a farkon ƙarni na 19 ba, har malaman Shi'a suka kira babban taro a garin a watan Afrilu na wannan shekarar.

Su wa abin ya fi ci?

Talakawan makiyaya ne, musamman masu tumaki na yankin Muntafiƙ a kudancin Iraƙi. A can da sanyi ake ruwan sama, saboda haka da rani sukan zauna a bakin kogin Furat, idan ruwa ya sauka wajen Nuwamba sai su ɗora kaya a kan jakuna su nausa kudu cikin hamada neman ciyawa, ba su dawowa sai zafi ya tsananta. Duk wanda ya san yadda makiyayi yake bin ruwa da ciyawa ya san cewa ba za a ce masa ya tsaya wuri ɗaya ba, ko da mutuwa ce a gabansa, domin tsayawar ma mutuwar garke ce. Mai raƙumi yana iya guduwa idan ya ji ƙishin-ƙishin. Mai tumaki da jaki, da mata da yara a ƙafa, ba shi da inda zai kai kafin a cim masa.

Daga nan wata matsala ta siyasa ta taso. Makiyayin da gwamnatinsa ta kasa kare shi sai ya biya zakka ga masu karɓar harajin Ibn Sa'ud don ya sayi zaman lafiya, shi kuma Ibn Sa'ud sai ya ce wanda ya biya shi zakka talakansa ne, kuma ƙasar da yake kiwo a kai tasa ce. Wannan shi ne asalin gardamar da aka yi a Uƙair, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Me aka ƙulla a Muhammara da Uƙair, kuma me ya sa bai kashe wutar ba?

A Muhammara, a watan Mayun 1922, an raba ƙabilu: Muntafiƙ, Zafir da Amarat na Iraƙi ne, Shammar ta Najad kuwa ta Ibn Sa'ud ce. Ibn Sa'ud ya ƙi amincewa, sai aka sake zama a Uƙair, a gaɓar Tekun Fasha, inda aka sa hannu ranar 2 ga Disamba 1922. Shi ya so iyaka ta bi ƙabila, duk inda mutanensa suke kiwo nan ƙasarsa take. Babban Kwamishinan Ingila a Iraƙi, Sir Percy Cox, ya dage a kan layi tsayayye, kuma da gardama ta ƙi ƙarewa sai ya ɗauki jan fensir ya ja layin da kansa a kan taswira. Ya ba Iraƙi wani yanki da Najad take iƙirari, sannan ya lallashi Ibn Sa'ud da kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar da Kuwait take ganin tata ce, alhali Baturen da yake wakiltar Kuwait a wurin bai ce uffan ba.

An kuma ware yankuna biyu na tarayya, ɗaya tsakanin Najad da Iraƙi, ɗaya tsakanin Najad da Kuwait, inda kowa zai yi kiwo. Aka yarda makiyaya su ci gaba da tsallakawa zuwa rijiyoyinsu, aka hana gina kagara ko girke soja a mashayar da take kusa da iyaka. Sai dai ba a faɗi tazarar da ake nufi da "kusa" ba, kuma wannan giɓi shi ne ya fashe bayan shekara biyar (a duba amsar da ta shafi Busayya). Layin kansa kuwa babu ko dutse ɗaya da ya nuna shi a ƙasa, kuma Ikhwan ba su ga dalilin da zai sa jan fensir ɗin Bature ya tsayar da abin da suke kira jihadi ba.

Me ya sa Turawa suka dogara ga jirgin sama maimakon sojan ƙasa?

Kuɗi ne. Boren Iraƙi na 1920 ya ci wa Ingila dukiya mai yawa, jama'arta kuma sun gaji da biyan kuɗin soja a ƙasar da ba su ga amfaninta ba. A taron Alƙahira na Maris 1921, wanda Winston Churchill ya shugabanta yana Sakataren Ƙasashen Mallaka, aka yanke shawarar janye yawancin sojan ƙasa a bar tsaron Iraƙi a hannun rundunar sama, wadda ta karɓi ragama a Oktoban 1922. Jirage kaɗan da motoci masu sulke, daga sansanoni irin su Shu'aiba kusa da Basra da wani a Amman, su ne aka ɗora wa tsare iyakar da ta kai ɗaruruwan mil.

Ya kamata a faɗi cewa waɗannan jirage ba don Ikhwan kaɗai aka ajiye su ba. Su ne kuma aka riƙa turawa su yi ruwan bama-bamai a kan ƙauyukan Iraƙi da suka ƙi biyan haraji da kuma Kurdawan arewa, shi ya sa makiyayin da jirgi ya zo ceto yakan gudu idan ya ji ƙararsa.

To, jirgin ya yi amfani?

Ya yi a inda mahara suka taru a fili da rana tsaka kusa da sansani. A Oktoban 1920, bayan Duwaish ya tsare Shaihu Salim na Kuwait a Jan Kagara ta Jahra, jiragen ruwan yaƙi da na sama da takardun gargaɗin da aka watsa sun sa ya janye. A Agustan 1924 kuma dubban Ikhwan suka afka wa ƙauyukan ƙabilar Bani Sakhar, tafiyar 'yan mil kaɗan kudu da Amman, sai jirage da motoci masu sulke suka riske su suna komawa da ganima, suka kashe ɗaruruwa. Da babu wannan ɗauki da wuya sarautar Abdullahi ta kai labari.

A tsakiyar hamada kuwa labarin ya sha bamban. A ɗauka an kai hari da asuba a wata rijiya mai nisan mil 100 daga layin dogo. Wanda ya tsira sai ya yi kwana biyu ko uku a bayan raƙumi kafin ya isa tashar da ake buga waya, kafin nan mahara sun kasu kashi-kashi sun tsallake iyaka. Idan ma matuƙi ya tashi a kan lokaci, abin da yake gani daga sama ɗigo-ɗigo ne na raƙuma da baƙaƙen tantuna, ba shi da yadda zai bambance wanda ya kori garke da wanda aka kore wa, taswirar da take hannunsa kuma fara ce fat. Mahara ba su daɗe ba suka koyi tafiyar dare da warwatsuwa da rana da cuɗanya da masu kiwo na gari. Jirgi yana iya hukunta wanda ya gani, amma ba ya kwana a bakin rijiya, kuma wannan rashi ne wani hafsan Ingila mai suna Glubb ya zo ya cike.

Daga gefe ɗaya kawai harin yake zuwa?

Ko kusa. Bayan faɗuwar Ha'il, dubban 'yan Shammar sun gudu Iraƙi, daga can suka riƙa komawa suna kore raƙuman Najad; haka wasu 'yan Ikhwan da suka saɓa da Ibn Sa'ud suka sami mafaka da kyautatawa a wurin Sarki Faisal. Huwaiɗat da Bani Sakhar na Gabashin Jodan su ma ba su naɗe hannu ba. Ƙorafin Ibn Sa'ud a nan yana da tushe, kuma Turawa sun san haka.

Taron da aka yi a Kuwait daga ƙarshen 1923 zuwa farkon 1924 don sasanta wannan ya watse ba a cim ma komai ba. Sai a Nuwamban 1925 Sir Gilbert Clayton ya ƙulla yarjejeniya biyu da Ibn Sa'ud. Ta Bahra ta mayar da kai hari laifi da gwamnati za ta hukunta, ta hana bin mahara cikin ƙasar maƙwabci, ta hana jan ra'ayin ƙabilun juna, ta kuma tanadi kotun haɗin gwiwa ta mayar da ganima. Ta Hadda ta shata iyakar Gabashin Jodan, ta bar wa Ibn Sa'ud yawancin Wadi Sirhan, amma ta riƙe wa Ingila wani zirin ƙasa da ya haɗa Jodan da Iraƙi, wanda ta nan hanyar jiragenta ta bi, daga baya kuma bututun mai ya bi.

Me ya faru a Busayya, kuma me ya sa ake yawan ambatonta?

Busayya rijiya ce a cikin Iraƙi, mil 70 da 'yan kai daga iyaka. A 1927 gwamnati ta fara gina ofishin 'yan sanda a wurin, tana cewa don ta tare 'yan Shammar masu kai hari Najad ne, wato abin da Ibn Sa'ud da kansa ya nema. Shi kuma ya ce ginin ya saɓa wa alkawarin Uƙair, domin a hamada mil 70 ba nisa ba ne, tazarar rijiya ce zuwa rijiya. A daren 5 ga Nuwamba 1927 'yan Muɗair suka faɗa wa wurin suka kashe 'yan sanda da magina kimanin 20. Hare-hare suka biyo baya a kan makiyayan Iraƙi da na Kuwait.

Martanin Turawa a wannan karo ya fi na kowane lokaci zafi. A Janairun 1928 aka haɗa runduna ta musamman ta jirage da motoci masu sulke, aka watsa takardu ana umartar ƙabilun Najad su ja baya tafiyar kwana huɗu daga iyaka, sannan aka shiga cikin Najad ana jefa bama-bamai a zanguna da garkuna. A ganina wannan ya fi cutar da manufar Ingila fiye da taimakonta, domin takarda ba ta da amfani ga wanda ba ya karatu, bam bai tsaya kan masu laifi ba, kuma ya ba shugabannin Ikhwan hujjar cewa Imaminsu, wato Ibn Sa'ud, yana abota da masu kashe musu mata da yara. Clayton ya je Jidda sau biyu a 1928, a Mayu da Agusta, amma maganar ofisoshin hamada ta hana a daidaita.

Wane ne Glubb, kuma mene ne ya yi dabam?

John Bagot Glubb hafsan soja ne da ya zo Iraƙi a 1920, ya yi aikin tattara bayanai wa rundunar sama, ya koyi Larabcin ƙauye, ya kuma yi shekaru yana kwana a tantunan makiyaya. Larabawa suna kiransa Abu Hunaik saboda raunin da ya samu a muƙamuƙi a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1928 aka ba shi kula da hamadar kudu, ya kafa rundunar kimanin mutum 100 daga cikin ƙabilun kansu, wasu a kan raƙuma, wasu a motocin ɗaukar kaya da aka ɗora wa bindigogi masu sarrafa kansu, tare da wayar iska.

Dabararsa ba ta da wuyar fahimta. Yana da 'yan leƙen asiri da suke kawo labari tun ana ɗaura tutoci a Arɗawiyya, yana tura masu sintiri su kwana a rijiyoyin da dole mahara su sha, kuma maimakon a ce wa makiyaya su gudu bakin kogi su bar ciyawa, sai ya tara su wuri ɗaya su tsaya da bindigoginsu, motoci a gaba, jirgi yana jiran kira. A Fabrairun 1929 ya yi haka a Abɗiyya, Duwaish ya sami labarin an shirya masa, ya fasa. Ikhwan sun dogara ne ga shammata, idan aka cire ta kuwa ba sa son tunkarar bindiga mai aman wuta.

Ibn Sa'ud ne yake turo su, ko sun fi ƙarfinsa ne?

Amsar ta danganta da shekarar. Kafin 1925 hare-haren suna yi masa aiki, suna jawo masa ƙabilu da zakka, shi kuma yana cewa ba da saninsa ba. Bayan ya mallaki Hijaz, ya kuma sami amincewar Ingila da 'yancinsa a yarjejeniyar Jidda ta Mayun 1927, sai buƙatarsa ta koma zaman lafiya da kuɗin shiga daga alhazai, alhali Ikhwan suna son a ci gaba da yaƙi. Sun zarge shi da shigo da mota da waya, da tura 'ya'yansa Masar da Landan, da sassauta wa 'yan Shi'a na Hasa. A ƙarƙashin wannan kuma akwai haushin cewa ba a ba shugabanninsu mulkin garuruwan da suka ci ba. Kuskurensu mafi girma ya zo a farkon 1929, da mutanen Ibn Bijad suka kashe fataken Najad, talakawan Ibn Sa'ud, wanda ya sa mutanen birane suka goya masa baya gaba ɗaya.

Yaya rikicin ya ƙare, kuma wace rawa Turawa suka taka?

A ƙarshen Maris 1929 Ibn Sa'ud ya karya Ikhwan a Sabila, kusa da Zilfi. Aka ɗaure Ibn Bijad, aka rushe Gaɗgaɗ, Duwaish kuma aka bar shi saboda an zaci raunin da ya samu na ajali ne. Ya warke ya sake tayar da bore tare da Ajman, waɗanda aka kashe musu Daidan bayan an ba shi aminci. A wannan zagaye Ingila ta fito fili: ta sayar wa Ibn Sa'ud makamai, ta matsa wa Shaihu Ahmad al-Jabir na Kuwait ya hana 'yan tawaye abinci da mafaka, ta kuma jera motoci da jirage a iyaka.

Da suka rasa gaba suka rasa baya, sai Duwaish da Nayif ibn Hislain na Ajman suka miƙa kansu ga Turawa a cikin Kuwait a Janairun 1930, lokacin Kanar Dickson ne wakilin Ingila a can. Ga al'adar Larabawa wanda ya shiga hannunka neman tsari ba a miƙa shi, amma kafin watan ya ƙare an ɗauke su a jirgi an kai wa Ibn Sa'ud, bisa sharaɗin ba za a kashe su ba, kuma zai biya fam 10,000 a matsayin somin diyya ga ƙabilun Iraƙi da Kuwait. Duwaish ya rasu a kurkukun Riyad a 1931. A Fabrairun 1930 Faisal da Ibn Sa'ud suka haɗu a cikin jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Lupin, a Afrilun 1931 kuma ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar abota.

Me ya sa hari ya ci gaba a Gabashin Jodan bayan an gama da Ikhwan?

Domin a can an yi shekaru ana bin juna bashin raƙuma, kuma sojan da aka girke sun fi iya hana Huwaiɗat ramuwa fiye da kare su, har ƙabilar ta talauce ta ɗauki gwamnati abokiyar gaba. Baturen da aka naɗa a 1930 ya binciki iƙirarin ɓangarorin biyu bai iya warware lissafin ba, daga baya aka yafe wa juna. Glubb ya koma can a ƙarshen 1930, ya nemi a janye sojan, ya kafa rundunar sintirin hamada daga 'ya'yan ƙabilun kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafe shi, ya gina ƙananan kagarori a Azraƙ, Bayir, Jafar da Mudawwara. Albashin soja ya maye gurbin ganima, kuma zuwa 1932 manyan hare-hare sun tsaya. A 1933 Abdullahi da Ibn Sa'ud suka amince da juna a hukumance.

Layukan da aka ja a lokacin suna nan har yau?

Yawancinsu suna nan, da 'yan gyare-gyare. Saudiyya da Jodan sun yi musayar ƙasa a 1965, Jodan ta sami ƙarin gaɓar teku a kudu da Aƙaba. Yankin tarayya na Kuwait an amince a raba shi a 1965, aka kammala shata shi a ƙarshen shekarun 1960, amma man da yake ƙarƙashinsa ƙasashen biyu suna raba shi har yanzu. Na Iraƙi, mai siffar lu'ulu'u a taswira kuma mai faɗin murabba'in kilomita kusan 7,000, an raba shi biyu a yarjejeniyar 1981. Ofishin da aka gina a Salman don tsare makiyaya kuwa, gwamnatocin Iraƙi na baya sun mayar da shi kurkukun Nuƙrat al-Salman, inda aka riƙa tsare fursunonin siyasa saboda nisansa da kowane gari.